Jean Mermoz, matuƙin da ya haɗa Buenos Aires da Santiago ta sama

Tsakanin Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da Santiago na ƙasar Chile akwai tazarar kilomita kusan 1,140. A yau jirgin fasinja yana cinye wannan tafiya cikin kimanin awa biyu. Amma a shekarun 1920 tsaunukan Andes sun tsaya a tsakani kamar katanga, domin ƙololuwarsu, Aconcagua, ta haura mita 6,900, yawancin jiragen lokacin kuwa ba su iya kaiwa can. Cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya har da Bafaranshe Jean Mermoz.

An haifi Mermoz ranar 9 ga Disamba 1901 a Aubenton, arewacin Faransa. Ya koyi tuƙin jirgi a aikin soja, ya yi aiki a Siriya, sannan a 1924 ya shiga kamfanin Latécoère na birnin Toulouse, wanda ke jigilar wasiƙu. Daga baya ya riƙa bin hanyar Kasablanka zuwa Dakar. A 1926 jirginsa ya lalace a hamada, aka kama shi, sai da aka biya fansa kafin a sake shi.

A ƙarshen 1927 kamfanin, wanda ya koma Aéropostale, ya tura shi Kudancin Amurka. A Afrilun 1928 ya kai wasiƙu daga Rio de Janeiro zuwa Buenos Aires da tafiyar dare, abin da ake gudu a wancan zamani, kuma hakan ya rage kwanakin da saƙo ke yi a hanya.

Andes ce ta fi ba shi wuya. A Maris 1929, yana neman mashiga tare da bakanikensa Alexandre Collenot, iska ta maka jirginsu a kan wani tudu mai tsayin kusan mita 4,000. Sun yi kwanaki cikin tsananin sanyi suna gyara da ɗan abin da ke hannunsu. Daga bisani suka gangaro da jirgin a kan gangare har ya samu ƙarfin tashi, suka koma Copiapó a Chile da ransu. A Yulin wannan shekara, da sabon jirgi ƙirar Potez 25 mai iya hawa sama sosai, shi da Henri Guillaumet suka buɗe hanyar wasiƙu tsakanin Buenos Aires da Santiago.

A Mayun 1930 ya tashi daga Saint-Louis ta Senegal ya sauka a Natal ta Brazil bayan awa 21 a kan Tekun Atlantika. Wannan teku ce ta zama ajalinsa: ranar 7 ga Disamba 1936 jirginsa Croix-du-Sud ya ɓace bayan tashi daga Dakar, da shi da abokan aikinsa huɗu. Ba a ga gawarsu ba. Ya rasu saura kwana biyu ya cika shekara 35. Har yanzu akwai unguwa da makarantar sakandare masu sunansa a Dakar.