Hamurabi, jikan makiyaya

Kimanin shekara 4000 da suka shige, Amoriyawa makiyayan tumaki ne masu yawo a dajin Siriya. Mutanen biranen da ke ƙasar Iraki ta yau sun raina su, har wani sarkin Ur ya gina ganuwa don ya tare su. Ganuwar ba ta hana kome ba: suka shigo, suka zauna, suka kama sarauta.

Cikin zuriyarsu aka haifi Hamurabi, sarki na shida a gidan sarautar Babila. Ya gaji mahaifinsa wajen shekara ta 1792 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi fiye da shekara 40 bisa gado. Ya ci Larsa, ya rushe Mari, ko da yake sarkinta Zimri-Lim Ba'amore ne kamarsa, kuma sun taɓa yin ƙawance.

Amma dokokinsa, wajen 282, su suka raya sunansa. An sassaƙa su bisa dutse da harshen Akkad, ba da na kakanninsa ba. Cikinsu har da hukuncin makiyayin da ya saki garke cikin gona ba da izinin mai ita ba: sai ya biya hatsi. An tono dutsen a Susa, ƙasar Iran, a 1901. Yau yana gidan tarihi na Lubur, a Faransa.