Bishop Samuel Ajayi Crowther da Tafiyar Sakkwato da ta Tsaya a Lakwaja

Mu da muke sujada a Sakkwato mun san yadda ikkilisiya takan dare gida biyu alhali kowa yana nan a kan bencinsa. A sauya fasto, ko a matsar da sujadar Hausa domin ta Turanci ta sami fili, ko matasa su shigo da kayan kiɗa dattawa su ɗaure fuska, sai ka ga waɗanda suka ci Jibin Ubangiji tare sun fita ta ƙofofi dabam-dabam, ba ko gaisuwa. Shi ya sa a wannan darasi muka ɗauko rayuwar Bishop Samuel Ajayi Crowther. Bai taɓa taka garinmu ba, amma ya yi haramar zuwa, kuma rigimar da ta sa shi baƙin ciki a tsufansa ta tashi ne a kan hanyar Sakkwato.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Osogun, a ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garin, aka kama shi da mahaifiyarsa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya kai jirgin bayi na Turawan Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825, ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827. An naɗa shi limami a 1843. Bayan shekara uku, yana aiki a Abeokuta, Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa, wadda ya rabu da ita shekara ashirin da biyar.

Kogin Kwara ne ya jawo hankalinsa arewa. A 1841 ya hau kogin tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Ya sāke hawa a 1854. A 1857, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kafa aiki a Anaca, ya ci gaba da Dokta Baikie a jirgin da ake kira Dayspring, da nufin a kai Sakkwato. Jirgin ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse. Crowther ya yi fiye da shekara a ƙasar Nufawa yana koyon harshe yana neman hanya, ba ta samu ba. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da Ikkilisiyar Angilikan ta ba wannan matsayi.

Yadda ya zauna da sarakunan Musulmi abin lura ne gare mu. Cikin waɗanda suka kama shi yana yaro akwai Musulmi, duk da haka bai riƙe kowa a zuci ba. Ya yi hulɗa ta mutunci da Etsu Masaba na Bida, yana ba sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, in an yi masa tambaya a fada sai ya buɗe Littafin ya amsa daga ciki ba tare da zagin addinin kowa ba. Amincin ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana roƙonsa ya sa baki a hana shigo da barasa ƙasar Nufe.

Amma aikin yana da rauni, kuma ba za mu ɓoye ba. Tashoshin mishan sun warwatsu daga Bonny a bakin teku har gaba da Lakwaja, bishop kuwa yakan jira jirgin 'yan kasuwa kafin ya ziyarce su. Yawancin ma'aikatansa 'yan Saliyo ne masu ɗan albashi, nesa da gida. Waɗansu sun shiga ciniki, waɗansu sun faɗa shan giya da lalata. A Anaca ma har wata yarinya ta mutu a hannun ma'aikatan mishan saboda dūka. Crowther mutum ne mai taushin hali. Yakan yi gargaɗi, ya sauya wa mai laifi wurin aiki, ya ba shi zarafin tuba. A wurare da dama haƙurin nan ya wuce gona da iri. Ga kuma Henry Venn, sakataren ƙungiyar CMS wanda ya tsaya masa a Ingila, ya rasu tun 1873.

A 1890 sai ga waɗansu samari Turawa sun sauka Lakwaja, inda Kwara ta haɗu da Binuwai, garin da ake jin Hausa da Nufanci a kasuwa. Shugabanninsu Graham Wilmot Brooke, mai shekara wajen ashirin da biyar, da John Alfred Robinson. Burinsu shi ne burin Crowther na dā: su kai bishara ƙasar Hausa da daular Sakkwato. Ba 'yan wasa ba ne. Sun sa riga da rawani, sun duƙufa koyon Hausa, sun ce ba su son kāriyar gwamnatin Ingila, abin da ya sami sabon tuba ya same su. Sai dai da suka dubi ikkilisiyar Lakwaja, suka yanke cewa wannan jama'a ba za ta zama shaida ga Musulmi ba sai an tsarkake ta. Aka shiga hana mutane Jibin Ubangiji, aka sauke ma'aikata, aka rufe makarantar horar da masu bishara aka sayar da ginin. Mutanen da suka yi shekaru suna riƙe da bangaskiya a wurin suka wayi gari ana ce musu Kiristocin suna.

Abin ya fashe a taron kwamitin kuɗi a Anaca a watan Agusta 1890. A gaban bishop, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da limaman da bishop ɗin da kansa ya naɗa, har da ɗansa, Akidikin Dandeson Crowther. Tsoho mai shekara fiye da tamanin ya zauna samarin da ba su kai 'ya'yansa ba suna tuhumarsa da rufa wa zunubi asiri. Ya nuna musu cewa sakatare ba shi da ikon da ya ɗora wa kansa, sa'an nan ya ajiye kujerarsa ta kwamitin.

Nan ne ya kamata mu daɗe muna kallo. Labari ya kai Legas da Saliyo, rai ya ɓaci ƙwarai, kowa yana cewa wariyar launin fata ce, kuma akwai ta a ciki. Da Crowther ya ɗaga hannu kawai, da dubbai sun bi shi sun fita. A 1891 ma waɗansu a Legas sun ɓalle sun kafa ikkilisiyarsu ta 'yan Afirka. Shi bai bi su ba. Ya rubuta wa CMS amsar tuhumar da aka yi, cikin natsuwa. Da ikkilisiyoyin bakin teku irin su Bonny suka ce ba za su ƙara zama ƙarƙashin kwamitin Turawa ba, ya yarda su riƙe kansu da kuɗinsu da limamansu, amma suna nan cikin zumuntar Angilikan, ƙarƙashin bishop. Ya bambanta tsakanin ƙungiyar mishan, wadda ake iya rabuwa da ita, da jikin Almasihu, wanda bai ga yana da ikon yagewa ba. Waɗansu masu tarihi suna ganin ya cika sanyi, da ya tsawata tun da wuri da abin bai kai haka ba. Muna ganin suna da gaskiya a kan shekarun baya. A kan shekararsa ta ƙarshe kuwa, mun san abin da fushi yakan sa shugaba ya yi da mabiyansa, mun kuma ga cewa shi bai yi ba.

Mu lura kuma cewa kowane gefe yana da abin kamawa. Samarin sun ga zunubi na ainihi, amma suka ɗauki horo kamar gatari, suka manta da umarnin Bulus ga Timoti a kan yadda ake yi wa dattijo magana. Tsofaffin ma'aikata an zalunce su, amma waɗansunsu sun fake da zaluncin don kada a taɓa laifinsu. Duk wanda ya zauna a taron dattawan ikkilisiya ranar da ake shari'ar horo ya san waɗannan fuskoki biyu.

Ciwon shanyewar jiki ya kama Crowther a 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba na shekarar. Robinson ya riga shi da 'yan watanni, Brooke ya bi su a Maris 1892, dukansu biyu a Lakwaja. Cikin su ukun ba wanda ya ga ganuwar Sakkwato. Ikkilisiyoyin bakin teku suka fara riƙon kansu a Afrilu 1892 a hannun Dandeson, aka yi shekara biyar ana zaman doya da manja da CMS, har aka daidaita a 1897 zamanin Bishop Herbert Tugwell. Da yake ba a tsinke igiyar ba, an sami abin ɗaurawa. Tugwell ɗin nan ne ya kai Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, wanda aikinsa ya kai ga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

An yi shekara sittin kafin a sāke ba ɗan Afirka cikakken riƙon diyosis a ƙasar nan. A 2014, a bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Babban Bishop na Kantabari Justin Welby ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa. Sakkwato kuwa ta sami diyosis na Angilikan a 1990, shekara ɗari daidai bayan taron Anaca. Bishop ɗinta na farko, Josiah Idowu-Fearon, an haife shi a yankin da yau yake jihar Kogi, wadda babban birninta Lakwaja ne.