Nana Asma'u 'Yar Shehu: Basira Mai Aiki Take Bi

Da yake bikin cikar ƙungiyarmu ya sake zagayowa, mun ga ya dace mu tuna da wata uwa da ta riga mu tara mata, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙan ta.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wuyar tafiya da yunwa da zaman sansani. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Gidan Waziri kuwa ba ya rabuwa da baƙi, ga 'ya'ya, ga ɗalibai. A tsakiyar wannan hidima ta yi rubutunta.

Da yawanmu muna ɗauka waƙa saukowa take yi haka kawai. To, a dubi Nana. Littafinta na farko da aka sani ta rubuta shi a 1820, ba ta kuma ajiye alƙalami ba sama da shekara arba'in. Ayyukanta wajen sittin ne suka iso mu, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da yawansu aikin haƙuri ne zalla. Ta zauna ta juya waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don su zauna a kan mai koyo. Hannun da ya saba da irin wannan aiki kullum, shi ya iya fitar da marsiyya mai sa hawaye ranar da mutuwa ta shigo gida.

Ta kuwa shigo. Yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Wannan rashi ya girgiza ta, amma bai sa ta naɗe tabarma ba, sai ma ta ƙara fuskantar matan ƙauye. Ta riƙa naɗa dattijai mata a matsayin jaji, ta ba su malafa da jan rawani. Su ke kawo mata 'yan mata da tsofaffi su haddace waƙoƙin, su koma su koyar da matan aure a gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ta yi zaman aure a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da riƙon aikin.

'Yan'uwa, abin da ya sa muka kawo wannan ke nan. A cikinmu akwai wadda ta daina zuwa taro tun da aka yi mata rasuwa, akwai wadda ta jingine matsar gyaɗa ko ɗinkin hula wai sai wata sabuwar dabara ta zo mata. Ai sabon zanen hula a kan allura yake zuwa, dabarar kasuwa kuma wajen zubin adashi ake jin ta. Da yayyafi kogi kan cika. Wadda ta ga kujerar maƙwabciyarta babu kowa a taro mai zuwa, don Allah ta biya ta gidanta ta taho da ita.

Allah Ya gafarta wa Nana, Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.