Alexander Fleming da Zanensa Mai Rai

An haifi Alexander Fleming a ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona da ake kira Lochfield a ƙasar Sukotlan. Mahaifinsa manomi ne. Yana ɗan shekara 13 ya koma Landan wurin yayansa. Ya yi shekara 4 yana aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa, kafin ɗan gadon da baffansa ya bar masa ya ba shi damar shiga makarantar likitanci ta asibitin St Mary's a 1901. A wannan asibiti ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Duniya ta san shi da maganin fenisilin, amma yana da wata sana'ar hannu da ba kowa ya sani ba. Fleming mai zane ne, sai dai ba da tawada yake yi ba, da ƙwayoyin bakteriya yake yi. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan halittu sukan fitar da launi idan sun yaɗu: wata ja, wata rawaya, wata shunayya. Yakan lakato su da siririyar waya, ya shafa a faranti mai ɗauke da abincinsu. A lokacin da yake shafawa ba a ganin komai. Sai ƙwayoyin sun kwana a wuri mai ɗumi, sannan siffar soja, ko gida, ko uwa da jaririnta ta bayyana. Aikin yana buƙatar lissafi, domin kowace ƙwaya da saurin girmanta, kuma in aka yi jinkiri launukan su cakuɗe, zanen ya lalace.

Irin wannan launi ba ado ba ne kawai. Manomin auduga ko rogo ya san cutar da ke ƙona ganye, ko da bai san sunan Xanthomonas ba, wato dangin ƙwayoyin da ke haddasa ta. Yawancinsu rawaya ne, kuma masana sun gano cewa launin yana kare su daga lahanin hasken rana a kan ganye. Wata ƙwayar, Dickeya, mai ruɓar da dankalin Turawa, shuɗi take fitarwa, kamar wanda ya fito daga marina.

Wasu na ganin zanen Fleming wasa ne. A ganina, wasan ne ya wasa masa ido. A 1921, yana fama da mura, ya lura cewa majinarsa ta narkar da wasu ƙwayoyi masu launin rawaya. Ta haka ya gano sinadarin da ya kira laisozayim, wanda ake samu har a cikin hawaye. A watan Satumba na 1928 kuma, da ya dawo daga hutu, ya tarar fumfuna ta tsiro a wani faranti, ƙwayoyin da ke kewaye da ita duk sun mutu. Da wani ne, da wataƙila ya wanke farantin ya huta.

Amma Fleming bai iya tace maganin da yawa ba. Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford ne suka yi wannan jan aiki daga 1939. Su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel a 1945.

Fleming ya mutu a gidansa da ke Landan ranar 11 ga Maris, 1955, sakamakon ciwon zuciya. An binne tokarsa a majami'ar St Paul's.