Amos Alonzo Stagg: Ɗan mai gyaran takalma da ya sama wa wasanni gurbi a jami'a

A shekarar 1892, lokacin da sabuwar Jami'ar Shikago ta buɗe ƙofofinta da dukiyar attajiri John D. Rockefeller, shugabanta na farko, William Rainey Harper, ya ɗauki tsohon ɗalibinsa Amos Alonzo Stagg ya damƙa masa sashen motsa jiki da wasanni, ya kuma ba shi muƙami irin na malaman jami'a. Wannan baƙon abu ne a wancan zamani, domin a yawancin kwalejojin Amurka ɗalibai ne ke tafiyar da ƙungiyoyinsu, mai horarwa kuwa ɗan ƙodago ne da ake ɗauka na kaka guda.

An haifi Stagg ranar 16 ga Agusta, 1862, a garin West Orange na jihar New Jersey. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne, kuma da ƙyar da jiɓin goshi yaron ya kai Jami'ar Yale, inda ya yi suna wajen jifa a wasan besbol. Ƙungiyoyin ƙwararru sun yi masa tayin kuɗi, ya ƙi. Burinsa shi ne ya zama mai wa'azin Kirista, amma da ya lura ba shi da baiwar magana a gaban jama'a, sai ya yanke shawarar tarbiyyantar da matasa a filin wasa. Ya wuce makarantar YMCA da ke Springfield, inda ya zauna tare da James Naismith, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891.

Kaka 41 ya yi yana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a Shikago, ya lashe kambin gasar da ake kira Big Ten sau bakwai. Wasan da aka fi tunawa shi ne na 1905, ranar da yaransa suka doke Michigan da ci 2 da nema, suka yanke mata jerin wasanni 56 da ta yi ba a ci ta ba. Sai dai aikin darakta ya zarce tsayuwa a bakin fili. Shi ke kula da kuɗin ƙofa da jadawalin wasanni, shi ke shirya gasar makarantun sakandare wadda ke jawo haziƙan yara zuwa harabar jami'ar. A nan ne tarihinsa ke da ƙura. Mutumin da ya yi ta la'antar wasa don kuɗi, shi ne kuma ya gina tsarin da ya mayar da wasannin ɗalibai hanyar samun kuɗi da talla ga jami'a. Fitaccen ɗan wasansa, Walter Eckersall, bai kammala karatu ba. An sallame shi jim kaɗan bayan wasansa na ƙarshe a 1906.

Da Stagg ya cika shekara 70, hukumar jami'ar a ƙarƙashin Robert Maynard Hutchins ta tilasta masa ritaya. An yi masa tayin muƙamin girmamawa, ya ce a kai kasuwa, ya tattara ya nufi Kwalejin Pacific a Kalifoniya a 1933. A can, yana da shekara 81, takwarorinsa suka zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 1943. Daga baya ya taya ɗansa aiki a Susquehanna, kuma bai rabu da fili ba sai da ya haura shekara 90.

Bayan tafiyarsa ƙungiyar Shikago ta yi ta shan kashi, har Hutchins, wanda dama yake ganin wasan na shagaltar da ɗalibai daga karatu, ya soke ta a 1939. Filin da aka raɗa wa sunan Stagg ya zama kufai. A ƙarƙashin kujerun 'yan kallonsa ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba, 1942.

Stagg ya rasu a garin Stockton ranar 17 ga Maris, 1965, yana da shekara 102. Sunansa na cikin rukunin farko da aka karrama a zauren gwarzayen ƙwallon ƙafa na kwalejoji a 1951, da na ƙwallon kwando a 1959. Wasan ƙarshe na rukuni na uku na kwalejojin Amurka, rukunin da ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa, shi ake kira Stagg Bowl. A wannan rukuni ne ƙungiyar Shikago, wadda aka farfaɗo da ita a 1969, take buga wasanninta.