Tarihin Balthasar van der Pol, masanin da ya fara jin ruɗanin lantarki

A garuruwa irin su Malumfashi da Funtua, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, masu shaguna da dama sun koma dogaro da sola da inbata.

Injiniyoyin da ke ƙera irin waɗannan na'urori suna taka-tsantsan da wata matsala, wadda wani masani ɗan ƙasar Holan ya fara cin karo da ita kusan shekaru 100 da suka wuce.

An haifi Balthasar van der Pol ne a ranar 27 ga watan Janairun 1889 a birnin Utrecht, kuma a jami'ar birnin ya yi karatun kimiyya.

A shekarar 1916 ya tafi Ingila, inda ya yi aiki da John Ambrose Fleming a Landan, daga bisani kuma da J. J. Thomson a Cambridge.

Ya sami digirin digirgir a 1920, sannan a 1922 ya kama aiki a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven, inda ya duƙufa kan fasahar rediyo.

A 1927 shi da abokin aikinsa Jan van der Mark suka haɗa wata 'yar na'ura mai ƙwan fitilar neon, suna sauraron bugun wutarta ta kan tarho.

Da suka riƙa sauya saitinta, sai sautin ya dinga faɗowa daga wani mataki zuwa wani, kuma kafin ya faɗo sukan ji wata hayaniya marar kan gado.

Sun ambaci hayaniyar a mujallar Nature, amma ba su ɗauke ta da muhimmanci ba.

Daga baya ne masana suka gane cewa na'ura mai lafiya, wadda ke bin ƙa'idar lissafi sau da ƙafa, tana iya shiga ruɗanin da ba a iya hasashensa.

Daga ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka tabbatar da irin wannan ruɗani a na'urorin sauya ƙarfin wuta, dangin waɗanda ke cikin inbata da cajar waya.

Waɗannan na'urori kan kunna wuta su kashe sau dubbai a daƙiƙa guda, yayin da wani sashe ke auna abin da ke fita yana gyara shi.

Idan gyaran ya yi yawa, sai bugun ya rikice, na'urar ta soma tsuwa, kayan cikinta su jigata.

Van der Pol ya bar Philips a 1949, ya shugabanci kwamitin ba da shawara kan harkokin rediyo na duniya a Geneva har zuwa 1956.

Ya rasu a garin Wassenaar ranar 6 ga watan Oktoban 1959 yana da shekaru 70, kuma har yau ana koyar da lissafin da ke ɗauke da sunansa a jami'o'i.