Taƙaitaccen Tarihin Hans Christian Gram, Likitan da Rininsa Ya Raba Ƙwayoyin Cuta Gida Biyu

Duk wanda ya taɓa kai majiyyaci babban asibiti, aka ɗebi majina ko mugunya ko ruwan ƙashin baya aka kai ɗakin gwaje-gwaje, to mai yiwuwa ne ya ci moriyar aikin wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. A shekarar 1884 ne wannan likita ya samo wata hanya ta rina ƙwayoyin cuta na bakteriya, wadda ta raba su gida biyu. Sai bayan mutuwarsa ne aka fahimci cewa wannan rabuwa tana da nasaba da irin tantanin da ke lulluɓe da kowace ƙwaya, wanda kuma shi ne ke sa wani magani ya ci wata ƙwayar cuta, ya kāsa cin wata.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Gram a birnin Kopenhagen ranar 13 ga watan Satumba na shekarar 1853. Mahaifinsa, Frederik Gram, shehun malami ne a fannin shari'a. Da ya shiga Jami'ar Kopenhagen, ilmin tsirrai ne ya fara jan hankalinsa, har ya yi aiki a matsayin mataimaki ga wani masanin halittu mai suna Japetus Steenstrup. A nan ne hannunsa ya faɗa da madubin ƙara girman abu, ya kuma fara sha'awar ilmin magunguna.

Daga baya ya koma fannin likitanci, inda ya samu digirin digirgir a shekarar 1883 da wani bincike a kan girman jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam. Yana cikin mutanen farko da suka lura cewa waɗannan ƙwayoyi kan yi girma fiye da ƙima a jikin masu fama da wani mugun nau'i na ƙarancin jini.

Aikinsa a Birnin Balin

Bayan kammala karatu, Gram ya tafi ƙaro ilmi a ƙasar Jamus, wadda a wancan zamani ita ce cibiyar binciken ƙwayoyin cuta, domin a shekarar 1882 ne Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka a birnin Balin. Gram ya samu wurin aiki a ɗakin binciken gawa na wani asibitin birnin, ƙarƙashin Carl Friedländer, wanda ke neman gano ƙwayar da ke haddasa ciwon nimoniya.

Matsalar da suke fuskanta ita ce, idan aka rina wani ɗan yanki na huhun mamaci, sai naman huhun da ƙwayoyin cutar su kama launi ɗaya, a kāsa bambancewa. Gram ya fara da rini mai launin shunayya, ɗan uwan shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo da ƙurajen baki. Sai ya bi shi da ruwan aidin, sa'an nan ya wanke da sifirit. Nan take naman huhun ya saki launi, ƙwayoyin cutar kuwa suka riƙe shi, suka fito fili. Amma ya lura cewa ba dukkansu ne ke riƙewa ba. Wasu, kamar ƙwayar zazzaɓin taifot, sukan saki launin da zarar sifirit ya taɓa su.

Ya buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta Jamus a shekarar 1884. Bai yi alfahari ba, hasali ma ya bayyana cewa hanyar tana da nakasu, ya kuma yi fatan waɗansu masu bincike za su inganta ta. Hakan kuwa aka yi, domin daga baya an daidaita a kan ƙara jan rini a mataki na ƙarshe, yadda ƙwayoyin da suka saki launin farko za su fito da launin ruwan hoda. Wannan hanya ta taimaka wajen warware gardamar da ke tsakanin Friedländer da wani likita mai suna Albert Fraenkel, domin an gane cewa ƙwayoyi biyu daban suke magana a kai: ta Fraenkel tana riƙe rini, ta Friedländer kuwa tana saki.

Komawarsa Gida

Gram bai ci gaba da binciken ƙwayoyin cuta ba. Ya koma Kopenhagen, inda ya zama shehun malami a ilmin magunguna a shekarar 1891, kuma babban likita a Asibitin Frederik a 1892. A shekarar 1900 aka naɗa shi shehun malami a fannin cututtukan cikin jiki. Ya shugabanci kwamitin tantance magunguna na ƙasarsa daga 1901 zuwa 1921, inda ya tsaya wajen ganin an soke tsofaffin magungunan da ba su da wani amfani. An buga laccocinsa cikin juzu'i huɗu tsakanin 1902 da 1909. Ya yi ritaya a shekarar 1923, ya koma nazarin tarihin likitanci, har zuwa mutuwarsa ranar 14 ga watan Nuwamba na 1938, yana da shekara 85.

Abin da Aka Gano Bayansa

Sai da aka samu madubi mai aiki da lantarki, wanda ya fi na zamaninsa ƙarfi nesa ba kusa ba, sa'an nan aka ga abin da ke ƙarƙashin wannan bambanci. Ƙwayoyi masu riƙe rini, irin su masu haddasa maruru da mashaƙo, suna da tantani guda ɗaya da kakkaurar katanga a bayansa, wadda ke tsare rinin. Masu sakin rini kuwa, irin su na kwalara da taifot da ciwon sanyi, katangarsu siririya ce, amma suna da tantani na biyu daga waje. Sifirit yana narkar da wannan tantani, rinin ya zube.

A jikin ɗan Adam kuwa, wannan tantani na waje tamkar ganuwa yake. Abinci ba ya shiga sai ta wasu ƙofofi da sinadaran furotin suka gina, waɗanda masana irin su Taiji Nakae da Hiroshi Nikaido suka yi bayaninsu a shekarun 1970. Magunguna da dama ma ta nan suke bi. Idan ƙwaya ta rage yawan ƙofofin ko ta ƙuntata su, sai magani ya tsaya a waje. Bugu da ƙari, akwai wani famfo da furotin uku suke haɗuwa su gina, ɗaya a tantanin ciki, ɗaya a na waje, na uku kuma yana haɗa su. Aikinsa shi ne watso maganin da ya riga ya shiga. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun, famfon ya tashi daga aiki.

Wannan ne ya sa masu bincike suka duƙufa wajen gano yadda waɗannan furotin ke riƙe juna. A shekarar 2003 masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gano, a jikin ƙwayar sanƙarau, furotin ɗin da ke dasa sauran 'yan uwansa a tantanin waje. A 2019 kuma aka bayyana wani sinadari mai suna darobactin, wanda ke toshe irin wannan furotin har ƙwayar ta mutu a gwaje-gwajen da aka yi.

Muhimmancin Aikinsa ga Jama'a

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin da aka fi buƙatar sababbin magunguna dominsu, kuma rukunai ukun da ke kan gaba duk masu sakin rinin Gram ne. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya sakamakon bijirewar bakteriya ga magunguna, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar suna cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi. A annobar 1996, fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 kuma suka rasu. Ƙwayoyi daban-daban ne ke haddasa wannan ciwo, kuma rinin Gram a kan ruwan ƙashin baya yakan nuna wa likita, cikin 'yan mintoci, irin wadda yake fuskanta tun kafin sauran sakamako su fito.

Saboda haka, ƙwayar maganin da ta warkar da maƙwabci ba lallai ne ta yi wa wani aiki ba, kuma shan ta barkatai yana bai wa masu bijirewa damar yaɗuwa. Wajibi ne jama'a su riƙa zuwa asibiti a yi gwaji kafin shan irin waɗannan magunguna, su kuma bi umarnin likita. Ga jami'an ƙananan hukumomi kuwa, kayan wannan gwaji ba su wuce madubi da gilashi da kwalabe huɗu ba, sai kuma ƙwararren ma'aikaci. Samar da su a asibitocin karkara abu ne da za a iya.